Cibiyar Share Fagen Karatun Jinya a Kano: Shin Ta Cancanci Kuɗin da Iyaye Ke Biya?

A 'yan shekarun nan cibiyoyin da ke shirya ɗalibai domin shiga makarantun koyon aikin jinya sun yawaita a birnin Kano, har ta kai da wuya mutum ya bi babban titi bai ga allon tallar ɗaya daga cikinsu ba, ɗauke da hoton budurwa cikin farin yunifom da alkawarin samun gurbi. Wannan rubutu nazari ne a kan ɗaya daga cikinsu, wadda 'yar ƙanwata da ke hannuna ta yi karatu a cikinta bayan ta kammala sakandare, kuma ni ne mai biyan kuɗin, mai duba littattafanta, mai halartar taron iyaye. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin akwai gazawar da zan faɗa ba tare da rufa-rufa ba, kuma na fi son mai karatu ya samu ma'aunin da zai auna kowace cibiya da shi. Hukuncina shi ne cibiyar ta cancanci kuɗinta ga ɗalibar da ke da raunin darussan kimiyya kuma take da niyyar zama ta koya, amma tana da gurgunta a fannin Turanci, kuma tallarta ta fi aikinta ɗaga murya.

Kafin a auna cibiya, dole a san hanyar da take iƙirarin ɗora ɗalibi a kai. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN kuma dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa, ita ce ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, tana ba su lasisi, tana kuma tantance makarantun da ke horar da su. Sharaɗin farko shi ne kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu na jarrabawar WAEC ko NECO, ba fiye da haka ba. Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai digirin jinya na shekara 5 a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri, wanda ake bi da shekara guda ta horon sanin makamar aiki a asibiti kafin hidimar ƙasa. Akwai kuma kwalejojin jinya, waɗanda a da suke ba da horon shekara 3 da jarrabawar shiga ta kansu, amma yanzu an karkata su zuwa tsarin ƙaramar difloma da babbar difloma na shekara 4, wanda ya sa jarrabawar JAMB ta zama ƙofar da kusan kowa zai bi. Wannan sauyi shi ne ya buɗe wa cibiyoyin share fage kasuwa, domin iyaye da yawa har yanzu tsohon tsarin suka sani.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda suka karɓe mu. Kafin a yi maganar kuɗi, malamar da ke kula da rajista ta nemi ganin sakamakon yarinyar, ta ga tana da D7 a Fiziks, makin da bai kai kiredit ba, ta kuma gaya mini kai tsaye cewa ko da ta ci maki mai yawa a JAMB, babu makarantar jinya ta gaskiya da za ta ɗauke ta sai ta gyara wannan darasi, kuma tun da ta riga ta yi zama ɗaya, zama ɗaya kacal ya rage mata da za a iya haɗawa da shi. Ta ba mu shawarar a yi mata rajistar jarrabawar NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Na ji labarin wuraren da ake karɓar kuɗin ɗalibi a ce masa za a san yadda za a yi, sai bayan shekara ta wuce a gano babu yadda za a yi, shi ya sa wannan gaskiyar ta farko ta yi mini nauyi ƙwarai.

A wannan zama ne kuma ta warware mana wani ruɗani da ya zama ruwan dare a gidajenmu, wato ɗaukar duk wadda ta sa farin kaya a asibiti a matsayin nas. Wadda ta fito daga makarantar koyon kiwon lafiya a matakin farko jami'ar lafiyar al'umma ce, aikinta mai daraja ne kuma shi ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, amma wata hukuma ce daban ke yi mata rajista, kuma takardarta ba ta zama lasisin jinya. Wadda kuwa ta koyi yin allura da sa ƙarin ruwa a wani asibiti mai zaman kansa, aka yaye ta da walima da takardar da mai asibitin ya sa wa hannu, NMCN ba ta san da zamanta ba, komai ƙwarewar hannunta. A jikin bangon ofishin sun manna jerin makarantun da hukumar ta amince da su, kuma suna nanata wa iyaye su sake dubawa a shafin hukumar na intanet kafin su biya ko sisi, musamman ga sababbin makarantu masu zaman kansu, domin kowace makaranta tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka, kuma ɗalibar da aka ɗauka bayan adadin ya cika tana iya shafe shekaru tana karatu ba tare da an shigar da sunanta a kundin hukumar ba, wanda ke nufin ba za ta zauna jarrabawar samun lasisi ba. Wannan bayani kaɗai, a ganina, ya kai rabin kuɗin da na biya.

Ta fuskar koyarwa, ƙarfin cibiyar yana cikin Kemistiri da Bayoloji. Suna da ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki na gaske, kuma kowace ɗaliba tana riƙe kwalabar da hannunta, ta ɗiga ruwan asid a kan kishiyarsa, wato ruwan alkali, har launi ya sauya, ta rubuta abin da ta gani. Yarinyarmu ta gama aji shida a makarantar da ake zana wannan gwaji a allo kawai, saboda haka a nan ne ta fara ganin abin da ta daɗe tana haddacewa. Malamin Bayoloji yana da wata dabara da na yaba, wadda ita ce danganta kowane babi da ɗakin majinyata: idan ya zo kan zagayawar jini sai ya kawo ma'aunin hawan jini ya nuna musu abin da 120 bisa 80 ke nufi, ya sa su ƙirga bugun jijiyar juna su ga ko ya faɗa tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, idan kuma ya zo kan gado da ƙwayoyin halitta sai ya yi musu bayanin yadda AS da AS ke iya haifar mai ciwon sikila, abin da kusan kowace ɗaliba a ajin ta san wani gida da ya shafa. Fiziks kuwa bai samu wannan gata ba. An sauya malamin darasin a tsakiyar zango, sabon ya ɗauko daga inda ya ga dama, aka tsallake babin wutar lantarki kusan gaba ɗaya, har sai da iyaye suka yi magana aka ƙara darasin ranar Lahadi domin cike giɓin. An cike shi, amma da gaggawa, kuma wannan shi ne darasin da ya kawo mu cibiyar tun farko.

Inda na fi daɗewa ina tunani a kai shi ne yadda suke koyar da Lissafi. JAMB ba ta tambayar mai neman jinya Lissafi, domin darussansa huɗu su ne Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, don haka cibiyar da ke neman sauƙi tana iya watsar da shi ga duk wanda ya riga ya samu kiredit. Wannan cibiya ba ta yi haka ba. Sun ware awa guda a mako domin abin da suke kira lissafin magani, inda ake ba ɗaliba matsala irin wadda za ta tarar a bakin gado. Likita ya rubuta miligiram 500, kwalbar da ke hannunki kuma tana ɗauke da miligiram 250 a cikin kowane mililita 5, nawa za ki ɗiba? Amsar ita ce mililita 10. Ko kuma a ce ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 za ta shiga cikin awa 4, igiyar da ake amfani da ita kuma tana ba da ɗigo 20 a kowane mililita, ɗigo nawa za ki saita a minti? A nan sai ta ninka 500 da 20, ta raba da minti 240, ta samu kusan ɗigo 42. Na zauna da yarinyar ina kallon yadda take warware irin waɗannan, na ga cewa raba lamba da sauya giram zuwa miligiram, waɗanda a da take yi da sakaci, yanzu tana maimaita su sau biyu kafin ta rubuta amsa, domin an cusa mata cewa sifili ɗaya da ya ɓata wuri yana nufin an ba jariri ninki goma na maganinsa. Babu makin jarrabawar shiga da wannan darasi zai ƙara mata, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na yarda cewa akwai wanda ya san aikin asibiti a cikin waɗanda suka tsara manhajar.

Ɗakin kwamfutarsu ba laifi. Tun shekarar 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yanzu ana ba ɗalibi tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, kuma cibiyar tana gudanar da jarrabawar gwaji a kan wannan tsari da wannan lokaci, tana manna sakamako a allo. Suna da sola, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da gwajin. Kwamfutocin sun yi wa yawan ɗaliban kaɗan, ana shiga ne rukuni-rukuni, amma kowa yana samun rabonsa.

Babbar gazawar cibiyar tana cikin Turanci, kuma gazawa ce da ba za a gane ta ba sai an wuce jarrabawa. Abin da suke koyarwa shi ne dabarun zaɓen amsa: yadda za a gane kalma mai kama da wata, yadda za a watsar da amsoshi biyu a zaɓi ɗaya cikin biyun da suka rage, da tulin tsofaffin tambayoyi. Wannan yana kawo maki, ban musa ba. Sai dai ɗalibar jinya tana buƙatar abin da ya zarce haka, domin za ta karanta manyan littattafan sassan jikin ɗan Adam da Turanci, za ta rubuta rahoton majinyaci da Turanci, za ta tsaya gaban sista ta miƙa aiki ga masu karɓar dutin dare da Turanci, kuma jarrabawar ƙarshe ta hukuma tana da ɓangaren aiki da hannu inda ake zagaya tashoshi, mai jarrabawa na tsaye yana saurare yana ba da maki. A iya sanina da ajin, ba a taɓa sa ɗaliba ta karanta shafi guda ta faɗi abin da ta fahimta da bakinta ba, kuma ba a taɓa ba su aikin rubuta ko da sakin layi ɗaya a gyara musu ba. Yawancin malaman da Hausa suke bayanin kimiyya, wanda abu ne mai kyau domin fahimta tana shiga sosai, kuma Hausar ce za su yi da majinyatansu gobe, amma ya kamata a ce bayan an fahimta da Hausa a tilasta wa ɗaliba ta maimaita da Turanci. Na kai wannan koke ga shugaban cibiyar, ya saurare ni da mutunci, ya amince da maganar, ya ce lokaci ne ke ƙure musu. Ban gamsu da wannan uzuri ba, domin wanda ya samo awa guda ta lissafin magani zai iya samo awa guda ta karatu da magana. A gida muka rufe wannan ɓaraka, inda na sa ta riƙa karanta mini labarin jarida da dare tana taƙaita shi, amma ba kowace ɗaliba ce ke da wanda zai zauna da ita haka ba.

Akwai wani zama da suke yi wasu ranakun Asabar wanda ba ya cikin kuɗin makaranta, inda wata dattijuwa da ta yi ritaya a matsayin matiron take zuwa ta yi magana da ɗalibai, wani lokaci har da iyaye. Ba ta yi wa aikin kwalliya. Tana faɗa musu cewa samun gurbi somin taɓi ne, domin a makarantun jinya an san watannin farko, waɗanda ake kira PTS, da jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai, kuma da yawa daga nan suke komawa gida. Tana faɗa musu cewa za su wanke gyambo, su kwashe bahaya da amai, su juya tsohon da ya kasa motsi domin kada kwanciya ta ci masa baya, su kwana a tsaye ranar Salla. Ta juya kan iyaye maza, tana kiran mu da alhazai da malamai cikin ladabi, ta ce duk wanda ya san ba zai bar 'yarsa ko matarsa ta yi dutin dare ba, to ya faɗa tun yanzu kafin a kashe kuɗi da shekaru, kuma a sanar da duk mai neman aurenta wannan sharaɗi tun kafin a sa rana. Ta kuma ƙarfafa wa 'yan samarin da ke ajin gwiwa, waɗanda ba su da yawa, cewa ɗakunan maza da na tiyata da na ba da agajin gaggawa suna buƙatarsu. Na ga ɗaliba ɗaya da ta bar cibiyar bayan irin wannan zama ta koma neman wani fanni, kuma ina lissafa wannan cikin nasarorin cibiyar.

Abin takaici shi ne allon tallarsu yana faɗin wani abu daban da abin da dattijuwar ke faɗa. An rubuta sunayen Ingila da Saudiyya da manyan baƙaƙe, kamar daga ajin share fage sai filin jirgi. Gaskiya ne ma'aikatan jinya na ficewa, domin a watan Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma a wannan watan ne hukumar ta fitar da ƙa'idar da ta nemi sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardunsa domin fita, lamarin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. Amma tsakanin yarinyar da ke gyaran Fiziks da wannan mataki akwai shekaru masu yawa da jarrabawowi da kuɗi, kuma ba na ganin daidai ne a jawo 'yar shekara goma sha bakwai zuwa aikin jinya da wannan kwaɗayi, a yankin da ƙananan asibitoci da yawa ba su da ungozoma ko ɗaya. Haka kuma suna manna sunayen waɗanda suka samu gurbi a bakin ƙofa, amma ba sa faɗin adadin waɗanda suka zauna ajin a wannan shekara, alhali sai an san duka biyun ne za a iya cewa an yi ƙoƙari ko ba a yi ba. Wani abin da ya kamata su riƙa fitarwa fili tun a talla shi ne cewa mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa, wanda a 2025 ya kasance 150 ga jami'o'i da 140 ga kwalejojin jinya cikin 400, ƙasan ƙofa ne kawai, kuma saboda cunkoson masu nema, wanda ya tsaya kusa da shi da wuya ya ga gurbin jinya a makarantar gwamnati. A cikin aji suna faɗin haka, a kan allo kuwa shiru.

Game da kuɗi, abin da ake biya a zango bai wuce kima ba idan aka kwatanta da ɗauko malami ya zo gida, kuma suna yarda a biya kashi biyu. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ƙananan kuɗaɗen da ke ɓullowa daga baya, na takardun darasi da na jarrabawar gwaji da na kayan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda ba a ambata ranar rajista ba, wasu kuma ba a ba da rasit a kansu sai an nema. Magidanci yana son ya san jimillar abin da ke gabansa tun farko domin ya shirya. Ajujuwan suna da zafi a watannin bazara kuma fankokin ba su wadatar ba, amma akwai wurin salla na mata daban, banɗakunan suna da tsafta, kuma ana tashi kafin magariba, abin da ke da muhimmanci ga yarinyar da za ta hau adaidaita sahu ita kaɗai zuwa bayan gari. Idan ɗaliba ba ta zo ba, ana kiran wayar mariƙinta a ranar.

Dole in yaba musu a kan abu biyu da suka ƙi yi. Ba sa harkar satar amsa, kuma sun gaya wa iyaye a taro cewa wanda ke neman inda za a rubuta wa 'yarsa jarrabawa ya nemi wani wuri, domin kiredit ɗin da aka saya ba ya tsallake watannin farko na makarantar jinya. Ba sa kuma karɓar kuɗi da sunan samo gurbi ta bayan gida, sai dai su taimaka wa ɗaliba ta cike fom, ta duba matsayinta a manhajar bayar da gurbi ta JAMB, su kuma shirya ta domin ganawar baki da jarrabawar tantancewa da makarantu ke yi. Na san akwai iyayen da suka ji haushin haka, suna ganin wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba zai kai ba. Yarinyarmu ta gyara Fiziks ɗinta da C5, ta kuma samu gurbi a wata kwalejin jinya ta jiha ba tare da mun ba kowa ko kwabo ba, kodayake ba zan ce kowa a ajinsu ya yi wannan dacen ba.

Cibiya irin wannan tana amfanar 'yar birni ce da ke da mai biya mata, kuma wannan iyakarta ce da ba laifinta ba. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga shekarar 2012 a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, ya nuna cewa ana iya ɗauko 'yan matan karkara da ba su cika kiredit ba, a zaunar da su shekara guda ta share fage, su shiga makarantun jinya da ungozoma, sannan su koma yi wa garuruwansu aiki. Da masu wannan cibiya za su ware ko da kujeru kaɗan kyauta ga irin waɗannan 'yan mata, tare da haɗin gwiwar ƙananan hukumomi ko masu hali, da sun yi abin da ya fi kowane allon talla. Ga wanda ya yanke shawarar kai 'yarsa, ina ba da shawarar ya kai ta da zarar sakamakon sakandare ya fito, kada ya jira sai an fara sayar da fom ɗin JAMB a farkon shekara, domin a lokacin ajin ya cika kuma an koma bitar tsofaffin tambayoyi kawai. Ya tabbatar sunanta da ranar haihuwarta sun zo ɗaya a katin shaidar ɗan ƙasa da takardar WAEC ko NECO, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN kuma gyaran suna yana cin watanni, sannan ya nemi a rubuta masa dukkan kuɗaɗen zangon a takarda ɗaya kafin ya biya kashin farko.